Farfesa ya ce in zaɓi ɗaya: kwas ɗin ko kundin digiri

Assalamu alaikum Anti. Ni malama ce a wata jami'a a nan Arewa, ina shekara ta biyu a digirin digirgir a fannin aikin gona. Bincikena a kan ƙuduji ne, ciyawar nan mai shanye ƙarfin amfanin gona, a gonar dawa, wani ɓangare a gonar gwaji, wani a gonakin manoma. Na yi damina ɗaya, saura ɗaya. Bara na nemi tallafin bincike aka hana ni, aka ce tunanin yana da kyau amma kasafin kuɗi da jadawalin aikin ba su tsaru ba. Abin ya tsaya mini a rai. Da na ga sanarwar wani kwas na wata tara a kan tafiyar da harkar bincike, wato neman tallafi, tsara kasafi, adana bayanai da rubuta rahoto, sai na cike ban shawarci kowa ba, kuma aka ɗauke ni, kyauta. Darasi ne ta intanet dare biyu a mako, awa bibbiyu, daga Maris zuwa Nuwamba, sai zaman mako biyu a wani gari a watan Yuli. Farfesan da ke duba aikina a bakin wani ya ji. Ya kira ni ya ce taura biyu ba ta taunuwa, in zaɓi ɗaya, tun ranar kuma bai sake mini fuska ba. Maigidana bai hana ni ba, tambaya ɗaya ya yi: wa zai riƙe yaran? Su uku ne, ƙaramar shekararta biyu. Hutun karatun da jami'a ta ba ni saura shekara ɗaya da rabi. An ba ni zuwa ƙarshen wata in tabbatar ko in bar wa wani gurbin. Barci ya ƙaurace mini. Yaya zan yi?

Wata malama

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya, Allah ya sa albarka a karatun. Ki kwantar da hankalinki, wannan ba matsalar da za ta hana ki barci ba ce, amma tana so a warware ta daki-daki, kuma da Farfesa za mu fara, domin ina jin a can ƙayar take.

Kin ce a bakin wani ya ji. Ki tsaya ki sa kanki a kujerarsa. Mutumin da yake karanta babinki layi-layi, yake sa hannu a rahoton ci gabanki duk zango, wanda za a tambaya in lokacinki ya ƙare ba ki gama ba, shi ne wani abokin aiki ya tare a bakin ofis yana cewa ashe ɗalibarka ta samu kwas, shi kuwa bai san an yi ba. A wajenmu malami uba ne, kuma ɗa ba ya yanke shawara irin wannan uba ya tsinci labari a waje. Ina kyautata zaton rabin maganar taurar nan ɓacin rai ne ya faɗe ta. Ɗaya rabin kuma tsoro ne, tsoro mai dalili. Duk wanda ya daɗe yana duba ɗaliban digiri na uku ya ga yadda suke zamewa. Ba rana ɗaya suke bari ba. Wannan ya samu wani ɗan aiki, wancan ya shiga wani shiri, babi na huɗu ya kwana ya wuni a kwamfuta har shekara ta zagayo. Ga kuma abin da ba a hannun kowa yake ba, irin yajin aikin ASUU na 2022 da ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Malamin da ya ga wannan ba zai so ɗalibarsa ta ƙara wa kanta kaya ba alhali hutunta saura shekara ɗaya da rabi. Saboda haka kada ki ɗauke shi a matsayin mai yi miki baƙin ciki. Kin yi kuskure da ba ki gaya masa ba, kuma kuskure ne da ban haƙuri ke gyarawa.

Amma a kan amfanin kwas ɗin, ina bayanki ɗari bisa ɗari. Jami'o'inmu suna koya wa mutum yadda zai tsara gwaji da yadda zai fassara alƙaluma, sannan su miƙa masa digiri su ce je ka nemo kuɗin bincike, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa yadda ake lissafin kuɗin mai, da alawus ɗin masu taimako, da kason da jami'a take cirewa, ko yadda ake rubuta rahoton kashe kuɗi da zai wuce hannun masu binciken kuɗi lafiya. Asusun bincike na ƙasa da ke ƙarƙashin TETFund, hukumar tallafa wa manyan makarantu, sai ka fara miƙa taƙaitaccen bayani, in ya tsallake ka kawo cikakkiyar takarda, sannan ka je ka kare ta a gaban masana, kuma a kowane mataki ana zubar da mutane masu kyakkyawan tunani saboda irin abin da ya kayar da ke bara. Ba a nan kaɗai aka ga giɓin ba. A Birtaniya, rahoton da Gareth Roberts ya miƙa wa gwamnati a 2002 ya ba da shawarar a ware wa kowane ɗalibin digirgir aƙalla mako biyu a shekara don koyon irin waɗannan dabaru. A Afirka ta Yamma akwai ƙungiyar WARIMA tun 2006, ta masu tafiyar da harkar bincike a jami'o'i. Shirin CARTA kuma, wanda aka fara a 2008 a ƙarƙashin cibiyar binciken al'umma da lafiya ta APHRC da ke Nairobi da Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu, kuma jami'o'in Ibadan da Ife suke ciki, malaman jami'a masu yin digirgir yake ɗauka yana tara su lokaci-lokaci ana koya musu rubutu da neman tallafi da jagorancin aiki suna tsaka da karatun. Ke nan haɗa wannan horo da digiri ba baƙon abu ba ne, mutane masu hankali sun zauna sun ga ya dace.

Ni ma sai da na sha wuya na gane. Tallafin farko da na taɓa samu ɗan ƙarami ne, kashi biyu za a biya shi. Na yi aikin tsakani da Allah, kowane rasit na jefa shi a wata baƙar leda a cikin jakata. Ranar da na juye ledar a kan tabarma don in haɗa rahoto, rasit ɗin gidan mai duk sun koɗe, farar takarda kawai, zafi ya cinye rubutun. Masu babur da suka yi ta kai ni ƙauyuka kuwa ko takarda babu, na biya su hannu da hannu. Ofishin kuɗi ya riƙe kashi na biyu wata da watanni, kuma da gaskiyarsu, don ba ni da shaida. Da wani ya gaya mini tun farko in riƙa ɗaukar hoton rasit a ranar da aka ba ni, in kuma yi wa waɗanda ba su da rasit takarda mai suna da kwanan wata da adadi su sa hannu ko su dangwala yatsa, da ban yi asarar wannan lokacin ba. Irin abin da za a koya miki ke nan, kuma ban raina shi ba ko kaɗan.

To amma mu yi lissafi, tunda lissafin ne za ki je koyo. Awa huɗu a mako, wata tara, mako 39 ke nan, awa 156. Kowane kwas na kirki yana da aikin gida, kuma yawanci aikin yana cin lokaci kamar darasin kansa, don haka ki ɗauka awa 300. In kika raba da awa 40 na aikin mako, ya haura mako bakwai cur, ga mako biyun zaman a kai. Sama da wata biyu za ki cire daga wata 18 da suka rage miki. Ki kwatanta da mako biyun da waccan shawarar ta Birtaniya ta ambata, za ki ga Farfesa bai yi ƙarya ba, taura ce babba. Za ta taunu ne kawai in kin mayar da ita abu ɗaya da wadda ke bakinki.

Ga abin da nake nufi. Duk aikin gidan da za a ba ki, kada ki yi shi a kan wani aikin ƙirƙira, ki yi shi a kan gonarki. In an ce ki tsara kasafi, ki tsara na damina mai zuwa: iri, taki, huɗa, 'yan ƙwadago na noman firi da maimai, kuɗin zuwa ƙauyuka, gwajin ƙasa a ɗakin bincike, da wani kaso na ko-ta-kwana. Wanda ya rubuta kasafi a farkon 2023 ya san amfanin wannan kason, don a Mayun shekarar aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, dala kuma da take wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. In an ce ki zana jadawalin aiki, ki zana na wata 18 ɗin nan, daga shuka zuwa ranar kare kundi, ki kai wa Farfesa ya gyara. In an zo kan adana bayanai, littafin gonarki ne darasin: kowace yamma a ɗauki hoton shafin ranar, a shigar da shi kwamfuta kafin mako ya fita, a ajiye kwafi a wuri fiye da ɗaya, domin littafi ɗaya da ruwa ya jiƙa ko waya ɗaya da aka sace na iya tafiya da damina guda. In an zo kan neman amincewar mutanen da ake bincike da su, ga manomanki nan. Tun bayan gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a Kano a 1996, mutanenmu suna ɗari-ɗari da mai bincike da ya zo da takarda, kuma suna da hujja. Manomin da kika karɓi sunansa da lambar wayarsa kika yi gwaji a gonarsa yana da haƙƙin ya ji da Hausa me za a yi da su, wa zai ɗauki asara in amfanin ya ragu, kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ta hau kanki kamar yadda ta hau kan banki. Aikin ƙarshe na kwas ɗin kuwa, ki ɗauko takardar nan da aka hana ki bara ki sake gina ta. In kika bi haka, yawancin awannin nan 300 aiki ne da dama dole ki yi shi, sai dai yanzu da mai duba miki.

Abu ɗaya ne ba ya lanƙwasuwa, shi ne Yuli. Nan na fi daɗewa a wasiƙarki. A watan nan ne dawa take ƙarama, ana cike gurbin da bai tsiro ba, ana rage shuka, ana noman firi, ana zuba taki, kuma a gonar gwaji kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da ranarsa da ma'auninsa. In ruwa ya yi jinkiri, shukar kanta tana iya faɗawa farkon Yuli. Ɗan ƙwadago mai kyakkyawar niyya zai iya zuba taki ɗaya a fili biyu da ya kamata su bambanta, ko ya tsige alamar da kika kafa, ba kuma za ki gane ba sai ƙuduji ya fara fitowa kin zo ƙirga kin ga alƙaluma ba su da kai. Darasin intanet in ya wuce ki ana iya naɗa miki. Damina kuwa in ta lalace sai baɗi, kuma baɗin nan hutunki ya ƙare ko yana gab da ƙarewa, kin koma aji da ɗaruruwan takardun jarrabawa. Ba zan ba ki shawarar ki bar gonarki mako biyu a Yulin bana ba, ko da Farfesa ya yarda.

Don haka a makon nan, kafin ki ce musu e ko a'a, ki rubuta wa masu shirya kwas ɗin. Ki gode musu, ki bayyana cewa bincikenki na damina ne, ki tambaya ko za ki iya yin zaman mako biyun tare da rukuni na gaba, ko ta intanet, ko kuma a ɗage miki gurbin gaba ɗaya zuwa baɗi. Ki tambaya ko ana naɗar darussan, ko kuma an yarda ki yi aikin gida a kan bincikenki. Kada ki ji nauyi. Mutanen da sana'arsu ita ce koyar da tsara aiki su ne suka fi kowa fahimtar ɗalibar da ta hango karo tun daga nesa. Ki roƙi su ba ki wasiƙa zuwa ga Farfesa da shugaban sashe mai bayanin abin da kwas ɗin ya ƙunsa. Ki kuma nemi wani da ya yi shi a baya ki ji gaskiyar nauyinsa daga bakinsa, da ko kyautar nan ta haɗa da kuɗin mota da masauki. Sannan ki ɗauko yarjejeniyar hutun karatun da kika sa wa hannu da littafin ƙa'idojin makarantar manyan digirori ki karanta da kanki. Jami'o'i da yawa sun hana yin rajistar shiri biyu a lokaci ɗaya, kuma ko da gajeren kwas bai shiga wannan hanin ba, gara ki sami izini a rubuce.

Da amsarsu a hannu sai ki je wajen Farfesa. Ƙafa da ƙafa, ba saƙon waya ba, kuma a lokacin da ba ya cikin sauri. Ki fara da ban haƙuri tsantsa, kada ki haɗa shi da kare kai. Wani abu kamar: "Ranka ya daɗe, na yi kuskure da ban fara zuwa wajenka ba, na zo neman afuwa. Abin da ya kai ni shi ne tallafin nan da aka hana ni bara." Sai ki miƙa masa takarda ɗaya tak, jadawalin wata 18 ɗin, da ranar da za ki kawo kowane babi, da layin da ya nuna Yuli kina gona. Ki ce masa in kika saɓa wa'adi ko sau ɗaya saboda kwas ɗin, ke da kanki za ki ajiye shi. Ki bar masa takardar ya kwana da ita. Malamai da yawa abin da suke so su gani ke nan, cewa ɗalibi ya san inda ya dosa kuma bai fita daga hannunsu ba. In kina ganin fuskar ta yi nauyi, ki fara biyawa ta wajen mai duba aikinki na biyu ko jami'in da ke kula da ɗaliban manyan digirori a sashenku, wanda Farfesa yake jin maganarsa, ya share miki hanya.

In ya ce a'a bayan duk wannan, ko masu kwas suka ce Yuli ba ta motsi, ki ajiye shi bana. Kada ki kuskura ki yi shi a ɓoye, don wanda ya kai masa labarin farko yana nan, kuma karo na biyu ba ban haƙurin da zai gyara. Ajiyewar kuma ba ta nufin kin bar koyon. Jami'o'i da dama suna da ofishin kula da bincike, kamar hukumar bincike da ƙirƙira da haɗin gwiwa ta Jami'ar Bayero, kuma sukan shirya bita ta kwana biyu ko uku a kan rubuta takardar neman tallafi. Akwai darussan ɗa'ar bincike na TRREE a intanet kyauta, mutum yana yi a lokacin da ya samu sarari. Akwai ƙaramin tallafin TETFund na cikin gida da ake nema ta hannun jami'a, wanda ya dace da mai fara koyon riƙon kuɗin bincike. Abin da ya fi duka a ganina, ki roƙi Farfesa ko wani babba mai aikin tallafi a hannu, irin waɗanda ake yi a Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Ƙarancin Ruwa ta Bayero da Bankin Duniya ya tallafa wa, ya bar ki ki riƙa taya shi haɗa rahoton zango. Rahoto biyu za ki haɗa ki ga idonki ya buɗe.

Saura maigida, Allah ya saka masa da alheri. Ki lura bai ce kada ki yi ba, tambaya ya yi, kuma tambayar tana son amsa ta zahiri, ba "Allah zai kawo mafita" kaɗai ba. Ki zauna da shi bayan yara sun kwanta, da jadawalin nan da za ki kai wa Farfesa. Ku fitar da darare biyun da sunansu. Wa zai yi wa ƙaramar wanka ya kwantar da ita, shi ne ko wata 'yar'uwa za a ɗauko ta zauna da ku zuwa kaka? Abincin daren ranakun za a dafa tun rana? In babu wuta fa, kuma nawa za a kashe a data duk wata? Ki tambaye shi me ya fi damunsa, ki saurara har ya gama, don wataƙila ba darasin dare ba ne, tafiyar mako biyun ce, ita kuwa kin riga kin cire ta. Ku sa wa'adi tare, in an yi wata biyu ku sake zama ku duba, in gidan ya jigata ki sauke. Yarinya 'yar shekara biyu ba ta san digiri ba, uwa ta sani, kuma ke ma jikinki yana da haƙƙi. Mace mai gona da rana, darasi da dare, rubutu da asuba, in ba ta ware wa kanta barci ba, Agusta ba za ta same ta a tsaye ba.

Wani abu kuma da zan so ki riƙa lura da shi in kin fara. In kika ga wannan ɓangaren yana ba ki daɗi fiye da yadda kika zata, tsara kasafi da haɗa mutane da bin ƙa'idojin masu ba da tallafi, kada ki ɗauka kin ɓace hanya. Sana'a ce mai zaman kanta, jami'o'inmu suna ƙishirwar masu iya ta, kuma mai digirgir da ya taɓa tsayawa a gona ya fi kowa iya riƙe irin wannan ofis. Amma wannan maganar bayan kin kare kundi ce.

In masu kwas sun sassauta Yuli, Farfesa ya sa albarka, maigida ya ga tsarin ya gamsu, ki karɓa da hannu biyu. In ɗaya daga ciki ya ƙi, ki nemi a ajiye miki gurbin baɗi. Wasiƙar masu kwas ki tura ta yau ko gobe don amsar ta iso kafin ƙarshen wata, kuma ko ma yaya ta kasance, ki fara neman irin dawarki da takinki tun yanzu kafin farashi ya tashi. In kin fito daga ofishin Farfesa ki rubuto mini yadda kuka yi, ina jira. Allah ya ba da damina mai albarka, ya raya zuri'a.